Aikin da Zai Ƙare Kafin Azahar

A wani shagon kayan mota a Zongon Parakou, wani direban taksin Djougou ya leƙa kwalin da ke hannun wani tsoho.

"Baba, amortisa ne?"

"Su ne, masu tare girgizar mota. Na baya suna yoyon mai, mota sai tsalle take."

"Ka ɗaura da kanka mana. Jak da sifana ne kawai. Yaran gareji yini guda za su ɓata maka, suna shan shayi suna surutu."

"Ɗana, a kanikanci na tsufa. In a gida ne, kafin azahar na gama."

"To, me zai kai ka gareji?"

Tsohon ya gyara riƙon kwalinsa.

"Tun da matata ta rasu, ba mai magana a gidan. Yinin nan da za su ɓata min, shi nake nema."