Ruwa Ya Tafi Da Ƙofata, Sai Aka Tsallake Ni

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce Ramatu mai koko, daga Maamobi.

Da babbar kwata ta cika bana, ruwa ya shiga ɗakina, ya tafi da katifa da tukwane har da ƙofar. Ni kaɗai nake tun rasuwar maigidana, 'yata kuma tana aure a Tamale. Sai na rataya zani a bakin ɗakin.

Bayan sati biyu wasu masu farar mota suka zo. An ce kamfani ne gwamnati ta ɗauka ya ba ta shawara kan agaji. Suna bi suna rubuta lamba da fenti a kowace ƙofa. Na ce wa ɗaya daga cikinsu, "Ɗana, ga nawa ɗakin." Ya dubi zanin ya ce, "Mama, a ƙofa muke rubutawa." Ya wuce.

Maƙwabta sun karɓi katifa, ni har yau tabarma. Kuma ban taɓa fashin yankar tikitin haraji ba, da shi aka biya masu farar motar.

Jama'a ku ba ni shawara. Sai na sayi ƙofa kafin gwamnati ta san akwai mutum a ɗakin nan?