Anemi Ce, Ba Maita Ba

Shekarar fari, a layin hatsin da soja ke rabawa a Matamaye, murna ta hana Habsatu shiru. Ta taɓa tsohon da ke gabanta.

"Baba, taya ni murna, ba maita ce ta kama ɗiyata ba. Likita ya ce anemi ce."

"Mece ce anemi kuma?"

"Ƙarancin jini. Abinci ne bai ishe ta ba. Ashe a banza muka tilasta wa maƙwabciyata ta tsallake ta don ta saki kurwarta."

"Kun ɗora wa baiwar Allah maita?"

"Ai ya wuce, Baba. Hanta da wake kawai zan ba yarinyar, ta miƙe."

Tsohon ya leƙa ƙwaryarta, wayam.

"Ɗiyata, mayya kun kamo ta ta tsallake. Yunwa fa, wa zai kamo muku ita?"