Ta Bakwai a Jeri

Ni da na shekara talatin a bakin injin matse ƙarfe, na fito da yatsuna goma cif, ba a yi mini gorin ƙarfe. Amma ran nan a layin asibiti kama bakina na yi, ina sauraron wani mai tabarau da wani mai naɗaɗɗen hannu.

"Sannu, ɗan'uwa. Me ya same ka?"

"Injin buga kwano ne ya gaisa da ni, malam."

"Ashe na gida ne! Mu ne masu bincike a kansa. Bara muka gano yadda zai buga sittin a minti guda, kwanon bai tsage ba."

"Au, ku ne? Tun da aka ƙara gudun nan, da bakin injin ya ɗau zafi sai kwano ya maƙale, mu kuwa mu zura hannu mu ciro."

"Hannu? Ina awartaki?"

"Da awartaki za ka kamo sittin a minti? Zo ka gwada."

Mutumin ya zare tabarau yana ta gogewa.

"Maƙalewar nan, an rubuto mana. Tana cikin jerin abubuwan da za mu bincika."

"Ita ce ta nawa?"

"Ta bakwai."

"Yanzu kuna kan ta nawa?"

"Ta biyu."

"To malam, don girman Allah ku ɗan ɗaga ƙafa. Ƙanena aka ɗora a gurbina, shi kuwa bai kai ni saurin janye hannu ba."

Sau uku ana kiran mai tabarau wajen likita, bai iya ɗaga kai ba.