Ƙaramin Littafin Uwar Ɓeraye

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban cibiya, shugaban sashenmu, malamai da abokan aiki, maigidan marigayiya, 'ya'yanta da 'yan'uwanta, muna yi muku ta'aziyya, mu ma a yi mana.

Uwar Ɓeraye muke kiranta, tana kuma amsawa. Shekara goma sha tara ina riƙe mata ɓera tana yin allura, a ɗakin nan na ƙasa mai warin dusa da fitsari, wanda yawancinku ba ku taɓa leƙawa ba, ban kuma ga laifinku ba.

Ta kasance mai tambaya ɗaya tak: me ke sa nono ya girma har ya kawo ruwa? Takan cire wa macen ɓera ma'ajiyar ƙwai da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda sinadaran da ake kira homon ke fitowa, sai nonon ya tsaya cak. Sannan ta riƙa mayar da su ta allura. A ba da ɗaya, shiru. A haɗa biyu, hanyoyin nono su fara reshe. Sai an haɗa sauran kafin a ga 'yan jakunkunan da ke tara ruwan. Takan ce mini, "Halinku ɗaya da su, kai ma ba ka taɓuka komai kai kaɗai."

Ta kasance mai dalili. Sau ɗaya ta faɗa mini, muna wanke keji: ɗanta na fari kwana goma sha ɗaya ya yi a duniya, ruwan nononta bai zo ba. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Ta kasance ba ta yarda da idonmu ba. Don kada son zuciya ya nuna mana abin da muke so, sai ta cire sunan kowace kwalbar sinadari ta sa lamba, ta rubuta ma'anar lambobin a wani ƙaramin littafi mai koren bango. Ita kaɗai ke riƙe da shi.

Ranar da ta faɗi a ƙofar ɗakin, faɗuwar da ta zama ajalinta, saura sati biyu gwajin da muke yi ya ƙare. Mun ƙarasa mata. Ɓerayen keji na bakwai nononsu ya cika ya kawo, yadda ba mu taɓa gani ba. Kwalba ta bakwai da muke yi musu allura da ita ta ƙare ƙarƙaf, kuma wallahi ba mu san abin da marigayiya ta haɗa a ciki ba. Mun nemi littafin ko'ina a wurin aiki, ba mu gan shi ba. Wannan abu yana ci mini rai.

Yallaɓai maigida, na san har yau ba ka iya buɗe ɗakinta ba. Ku 'ya'yanta, don Allah ku duba jakarta da aljihun farar rigarta. Kada a raba kaya, kada a zubar da takarda ko ɗaya kafin a duba. Amsar da take nema wa yayanku da ba ku taɓa gani ba tana cikin littafin da bai kai tafin hannu ba.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da ɗanta inda ba a kukan yunwa. Amin.