Kason Ka Hou da Ya Wuce Ɗari

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar nauyin 'yan karta a nan Macau, Kawu Ieong, dattawan da ke gaba, masu zuba kuɗi da masu zubar da su, jama'a baki ɗaya, barkanmu da rana. Ni Inna Sou ina godiya da aka ba ni fili kafin naman agwagwar da ke gabanmu ya huce.

Na farko, sakamako. Mun ɗauki nauyin mutum tara a gasar kartar poka ta bana. Takwas sun faɗi tun ranar farko, kuma kowannensu ya rantse mini wasansa ba shi da aibi, sa'a ce ta ci amanarsa. Madalla da gwanayen da ba su taɓa kuskure ba, ba su kuma taɓa kawo riba ba.

Na biyu, gwarzonmu, Lam Ka Hou direban tasi, ga shi can yana ɓuya bayan butar shayi. Kowa ya san ƙa'ida: ka biya wani kaso na kuɗin shiga, ka karɓi wannan kason daga abin da aka ci. Ka Hou ya sayar mini da arba'in cikin ɗari, ya sayar wa Kawu Ieong da sittin, sannan don tsabar kirki ya sayar wa surukarsa da wani arba'in, babu wanda ya san da na wani. Dabararsa ita ce ya faɗi da wuri, ya soke rarar a aljihu, mu kuma mu bi shi da ban haƙuri.

Sai ya tura duk kuɗin wasan da ke gabansa a kan katin banza don ya faɗi, ya ci. Ya sake turawa, ya sake ci. Mutumin da ya shekara shida yana neman nasara ta ƙi shi, ya nemi faɗuwa ita ma ta ƙi shi. A teburin ƙarshe na gan shi yana gumi, na ce ya dake. Ya ce, "Inna, don Allah ki daina yi mini addu'a."

Ya ci dalar Hong Kong miliyan ɗaya, mu kuma muna binsa miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Ya sayar da tasinsa ya cika, surukarsa ce ta fara karɓa. Wannan kam ba da gatse nake faɗa ba: bai gudu ba, ya biya kowa daidai.

Na uku, shawarata: daga yau a rubuta kowane kaso a takarda ɗaya, a manna a bango. Baɗi kuma ni zan sake ɗaukar nauyinsa, amma ni zan yi masa lissafin.

Allah ya tsare aljihunmu, ya ba 'yan wasanmu nasarar da suka shirya mata, ya mayar da kowa gida lafiya, har da Ka Hou da zai hau bas. Na gode.