Taya Masa Uku

SAHABI: Salamu alaikum. Yaya Maccido, barka da rana.

MACCIDO: Wa alaikumus salam. Sahabi? Ya Sakkwato, ya mai jiki?

SAHABI: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya Illela, ya kasuwa?

MACCIDO: Sai godiya, albasa dai ta faɗi. Ya Hindatu da zaman jinya?

SAHABI: Tana gaishe ka. Yaya, magana ce mai nauyi tas sa na kira. Sakamakon gwajin ɗiyata Shahida ya fito. Sankara ce a ƙoda.

MACCIDO: A Ƙonni? Mi yak kai ta Ƙonni?

SAHABI: Ƙoda, Yaya. Ƙodarta ta hagu.

MACCIDO: Inna lillahi. Allah shi ba ta lafiya. To mi likita yac ce?

SAHABI: Ya zaunar da mu, ni da uwarta Hindatu da ita kanta. Yac ce ko a fara da ƙarin ruwan magani karo shida kana a yi aiki, ko a fara da aikin. Ya faɗi amfanin kowane da haɗarinsa, yac ce mu zaɓa tare da shi.

MACCIDO: Ku zaɓa? Ashe ɗan koyo kunka samu. Likitan ƙwarai tsawa yake daka maka, ka miƙa babban yatsa, a wuce wurin.

SAHABI: Shi wannan likitan, takardar yarda yab ba ni, yac ce kada in sa hannu sai na fahimta. Na bi ta layi-layi da yatsa, yadda anka koya muna a ajin yaƙi da jahilci.

MACCIDO: Karatun da ka fara da furfura a gemu? Karo nawa ma kac ce?

SAHABI: Shida.

MACCIDO: Kuɗin baki ke nan. Taya masa uku. In ya ƙi, ka juya kamar za ka fita, da kansa zai kira ka.

SAHABI: Yaya, ba ciniki ba ne. An rubuta cewa in anka rage, ciwon yana iya ƙin ja da baya. An kuma rubuta cewa gashinta zai zube.

MACCIDO: Gashi? To kada yarinyar ta ji.

SAHABI: Ita tat tambaya. Tac ce ta yarda, sharaɗinta guda: uwarta ta yi mata kitson ban kwana kafin a fara.

MACCIDO: Ɗiya 'yar shekara tara anka yi shawara da ita, ni babban gida ina nan cikin buhunan albasa? Dakata zuwa Juma'a. Zan tara Baffa na Tozai da Inna ta Garu, mu aiko maka da matsaya.

SAHABI: Likita yac ce jinkiri ba shi da kyau gare ta.

MACCIDO: Mi? Layin yana yankewa. To na sassauta, don zumunci. Huɗu. Je ka dangwala, na yarje maka.

SAHABI: Ban dangwala ba, Yaya. Sunana na rubuta da hannuna. Sahabi, harafi shida, ban rage ko ɗaya ba. An gama kitson, ruwan yana shiga tun azahar.

MACCIDO: Tun azahar? To shawarar mi kake nema wurina?

SAHABI: Addu'a na kira nema, Yaya. Katina kuma ya kusa…

MACCIDO: Sahabi? Ko biyar ba ka… Halo? Sahabi?