Saura Yara Tara

A ɗakin jiran jirgin ruwa na garin Oban, wata dattijuwa ta dubi wani mutum mai tagwaye.

"Bawan Allah, tsibirinmu za ku tare?"

"Eh, Mama."

"Makaranta fa?"

"A gida nake koya musu."

"Ayya. Tamu yara tara suka rage. In ba su kai goma ba, bana za a rufe ta."

Ya sassauta murya. "Malamar ta iya lissafi?"

"Sosai."

"Ni ya gagare ni. Jiya yarinyar nan ce ta gyara mini, har da rarrashi." Ya yi ajiyar zuciya. "Ranar Litinin zan kawo su."

Dattijuwar ta lalubo wayarta.

"Bari in ce wa 'yata ta daina haɗa kaya. Da ma tafiya za ta yi da jikokina in an rufe makarantar."